Wai Don Na Kai Kyanwa Asibiti

Jiya da hantsi wani yaro da bai wuce sa'an ɗana na biyu ba ya mayar da ni abin dariya a bainar jama'a. Laifina shi ne na kai kyanwata asibitin dabbobi. Ba sai na kama sunan wurin ba, masu kiwo a Kaduna sun san irinsu: fenti ya koɗe, allo ya yi tsatsa, ga tebur a baranda, ga wanda aka ajiye a bayansa yana latsa waya.

Shekaru ke nan dabbar nan tana fama. Da zarar damina ta kankama sai susa ta tashi, ta soshe wuya da gindin wutsiya har gashi ya zube, kunnuwan su cika da wani baƙin datti kamar dakakken gawayi, ga wari. Da dare tana ta kaɗa kai, ba ta yi barci ba, ba ta bar mu mun yi ba. Wannan karon fatar kunnen dama ce ta kumbura suntum, jini ya taru a ciki saboda tsabar susa. Na sa ta a kwando, na rufa mata tsohon zani, na tari Keke daga Badarawa.

Na yi sallama, shiru. Na sake, ya amsa a ciki, idonsa na kan waya.

"Malam, likita yana nan?"

"Me aka kawo?"

"Kyanwa ce, kunnenta ya kumbura."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dubi kwandon, ya dube ni tun daga mayafi har takalmi, sannan ya juya wajen wani dattijo da ke kan benci riƙe da igiyar rago, ya ce, "Alhaji ka ji fa. Wai mage."

Dattijon, Allah ya saka masa, ya sunkuyar da kai. Sauran kuwa suka kwashe da dariya.

"Hajiya, mutane na neman abin da za su sa a bakin salati, ke kin biya kuɗin Keke kin kawo mage asibiti? Lallai akwai 'yan hutu a garin nan."

Na haɗiye abin da ya taso min, na ce, "Ɗana, ba bara na zo ba. Kati zan yanka in biya. A duba min kunnen kawai."

"Likita ya fita."

"Yaushe zai dawo?"

"Ni ƙafarsa nake riƙe da ita?"

Na ce to ko akwai wanda zai leƙa kunnen da 'yar fitilar nan ta duba kunne. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce tun da aka kawo shi wurin bai taɓa ganin an kunna ta ba. Sai ya gyara zama, irin na wanda zai ba da fatawa: "Ki je wajen bakanike ki karɓo baƙin mai ki shafe ta da shi. In bai yi ba, ki sa ta a buhu a kai ta bayan Kawo a yar. Mage ai kyauta ake ba da ita."

Madalla da wannan zurfin ilimi! Ashe garejin Fanteka ya kamata in nufa tun farko. Baƙin man inji, a jikin dabbar da ba ta da aiki sai lasar jikinta daga safe har dare. Wannan shawara daga bakin wanda ake biya albashi don ya zauna a ƙofar asibiti ta fito, ba daga mai tallar magani a tasha ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, aikin da na roƙa ba wani babba ba ne. 'Yar maƙwabciyata da ke karatun likitan dabbobi a Zariya ta sha yi min bayani. Baƙin dattin nan sau da yawa wasu mitsi-mitsin ƙwari ne ke kawo shi, masu zama cikin ramin kunne. Auduga za a sa a lakato, a ɗora a gilashi, a duba a madubin likita, cikin 'yan mintuna a san ko su ne, ko kuwa fangas ne ko bakteriya, don kowanne da maganinsa. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro wajen mako 3 ne, shi ya sa wanda ya ɗiga magani kwana biyu ya daina zai ga abu ya dawo, kuma dole a haɗa da duk kyanwa ko karen da ke gidan. Fitilar da aka yi min dariya a kanta kuwa, da ita ake ganin ko dodon kunne ya fashe, domin akwai maganin ɗigawa da ke iya kurmantar da dabba idan ya wuce ciki.

Susar jiki kuma galibi ƙuma ce. Wata kyanwar jikinta ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya ishe ta ta yi ta yagar fatarta, ko da kin tsefe gashin ba ki ga komai ba. Ƙwayayen ƙumar suna cikin tabarma da kafet da lungun kujera, in ba a share an wanke an shanya ba, aikin banza ake yi. Idan an kawar da ƙuma susa ba ta tsaya ba, sai a zargi abinci, a canza mata shi na kimanin mako 8 a gani. Duk wannan abu ne da mai ilimi zai zauna ya bi da kai daki-daki. Wa zai zauna?

Tun da babu, sai kowa ya zama likitan kansa. A Zangon Tudun Wada za a zuƙo maka allurar aibamektin, maganin tsutsa da ƙwarin jikin shanu, a ce ka tsira wa dabbar da ba ta wuce kilo 3 ko 4 ba, da ƙiyasin ido. Mai kyamis zai ce a jiƙa mata farasitamol, alhali ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Wani zai miƙo maganin kaskar karnuka mai sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Wata ta ce a yi mata wanka da Dettol, wani ya ce fiya-fiya. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper barkatai a kasuwa, amma ka zagaya Kasuwar Barci ka gaya min abin da ka gani a kan tebura.

Kuma fa a jihar Kaduna ake wannan. Jihar da Jami'ar Ahmadu Bello ke yaye likitocin dabbobi tun da aka buɗe tsangayarsu a 1964. Ga kwalejin noma da kiwo a Mando, ga cibiyar binciken cutar sammore a cikin garin nan, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato maƙwabciyarmu tun 1924. Masu ilimin suna nan, ba a ɗauke su aiki ba, waɗanda aka ɗauka ba a ba su kayan aiki ba, na kirkin sun buɗe nasu a unguwannin masu hali inda kuɗin kati kaɗai zai sa ka juya. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro ma'aikata sukutum ta bunƙasa kiwo, aka yi ta taro ana ɗaukar hoto. In ba saniya ko rago ko kajin gona ba, dabba ba ta cikin lissafin kowa. Za a ce in tafi Zariya. Kilomita wajen 80, da kyanwa mai ciwo a cinya, a ƙasar da litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023, yau kuwa kowa ya san abin da yake biya.

Mu kanmu jama'a ba mu fita ba. Kowane yaro a Islamiyya ya ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Muna jin sa a wa'azi muna gyaɗa kai, mu fito mu tarar yara na jifan muzuru, mu wuce ko a jikinmu. In kyanwa baƙa ce, a ce aljana ce. Ta yi ƙazuwa, a ɗaure a buhu a jefar bayan tasha, ta je ta hayayyafa a bola ta dawo tana bin katangu da cutar. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: makero daga jikin kyanwa yake tsallakawa kan yara, haukan kare ma tana ɗauka tana rabawa. Ƙananan hukumomin da ke aiko yara da rasit su karɓi haraji a hannun mai sayar da ƙosai, ban taɓa jin sun zagayo unguwarmu da mai allurar dabbobin gida ba.