Kilo huɗu da rabi, sauke giya sau uku

Yau kwana 19 ke nan motata tana ɗage a kan duwatsu a gareji, giyarta a ƙasa an lulluɓe ta da buhun siminti, ni kuma ina bin adaidaita sahu zuwa wurin aiki. Duk a kan me? A kan faifan ƙarfe guda ɗaya da ke maƙale a bayan inji, wanda ko ganinsa ba a yi. Filawil. Wallahi da wani ya ce min abin nan zai ci min kuɗi da lokaci da mutunci haka, da na ce masa ya je ya sha magani.

Motar BMW ce E36, 328i ta 1997, mai giyar hannu, silinda shida a jere, lita 2.8. Tsohuwa ce, na sani, kada wani ya zo ya tuna min. Shekara uku ina lallaɓa ta: na canza salansa, na sauke ta ƙasa kaɗan, na sa mata tayoyi masu faɗi. Ranar Lahadi mukan fita bayan gari da abokai mu ɗan motsa jini inda babu jama'a. Sauran kwanakin kuwa ita ke sauke yara a makaranta, ta bi da ni titin Zariya a nan Kano zuwa ofis, ta dawo da ni da yamma cikin gosulo. A nan duk rigimar take, kuma daga mai sayarwa har bakanike babu wanda ya tambaye ni yadda nake amfani da motar.

Filawil ɗin da kamfani ya sa mata irin mai hawa biyu ne, faifai biyu da sifirin a tsakaninsu cikin giris. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fito da irinsa kasuwa a 1985. Inji ba ya juyawa sumul kamar fanka, bugu-bugu yake yi, mai silinda shida sau uku yake bugawa a kowane juyi ɗaya. Nauyin filawil shi ke cike tsakanin bugu da bugu, sifirin ɗin kuma ya shanye girgizar kafin ta isa giya. Nawa ya yi shekara kusan talatin yana wannan bauta, ya gaji. In na kashe mota sai in ji ƙwal-ƙwal daga ƙasa. Dole a canza, babu gardama a nan.

Sai shaiɗan ya kawo min hoton wani mai odar kaya daga Dubai a WhatsApp. Faifai fari tas na alminiyam, yana ƙyalli kamar tiren amarya. Na kira shi.

"Yallaɓai, ai wannan na resin ne, na motocin tsere. Kilo huɗu da rabi kacal. Ka ɗaura shi ka gani, ƙarfin doki talatin motarka za ta ƙara. Sati biyu yana hannunka."

Dala 450 na tura masa, bayan dala ta riga ta haye naira 1,500 a 2024. Sati biyu ya zama sati bakwai. Kullum kaya suna hanya, kullum jirgi ne bai tashi ba. Ranar da ya iso kuwa, kwali ne tsirara: ba sunan kamfani, ba takarda, ba notuna, ba komai. Na sayi kifi a ruwa, na yarda, wannan laifina ne kuma na haɗiye shi. Amma abin da ya biyo baya ba zan haɗiye ba.

Bari in fara da dokin nan talatin. Ƙarya ce tsagwaronta. Filawil ba ya ƙara wa inji ko ƙarfin jaki ɗaya, balle doki. Abin da yake yi kawai shi ne ya rage wa inji nauyin da zai juya kafin ya tashi sama. Kuma amfanin ba ɗaya ba ne a kowace giya. A giyar kamfanin ZF da ke motata, a lamba ɗaya inji yana juyawa kusan sau 4.2 kafin sandar da ke fita baya ta juya sau ɗaya, a lamba biyar kuwa ɗaya da ɗaya ne. Tasirin yana tafiya ne da wannan adadi sau kansa, wato 4.2 sau 4.2, sha bakwai da ɗoriya. Shi ya sa za ka ji motar ta yi zafin nama a lamba ɗaya da biyu, ka taka totur a furi allurar juyin inji ta zabura kamar an tsikare ta, amma ka hau titin Kaduna a lamba biyar ba za ka bambance ta da jiya ba. Ni kuwa a kan wannan ɗan zafin naman aka sayar min da dokuna talatin da ba su da ko kofato.

Bakaniken da na saba da shi ya sauke giya, muka ɗora tsohon a sikeli, kilo goma sha ɗaya da wani abu. Ya jinjina sabon da hannu ɗaya yana dariya. Na tambaye shi faifan kuloci fa, za a canza? Ya ce, "Oga, naka da sauransa, ɓarnar kuɗi ne." To faifan kuloci da ke tafiya da filawil mai hawa biyu ba shi da sifirin a cibiyarsa, domin sifirin ɗin yana cikin filawil. Ka cire mai hawa biyu ka sa falle ɗaya, ka bar tsohon faifai, ka cire sifirin daga tsarin gaba ɗaya ke nan. Duk bugun da inji ya yi kai tsaye zai sauka a haƙoran giya. Wannan ba wani ilimin boko mai zurfi ba ne, mutumin da ya shekara ashirin yana kwance a ƙarƙashin mota ya kamata ya sani.

Notunan kuma su ne suka fi ƙona min rai. Guda takwas ne ke riƙe da filawil a jikin karanshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin inji. Na tsohon dogaye ne saboda kaurinsa, sun yi wa sabon tsawo. Maimakon ya ce min "Oga, tsaya, a nemo na daidai", sai ya jera musu washa uku-uku ya ɗaure da ƙarfin damtse. Ba sufana mai awo, ba gam ɗin da ake shafa wa noti, ga su tsofaffi alhali irin waɗannan ba a maimaita su. Ban sani ba sai daga baya, lokacin ina masallaci ya yi wannan aika-aikar.

Ranar farko na fito ina murmushi. Kafin in kai gadar Dangi murmushin ya ƙare. Mota ta mutu min sau biyar. Adaidaita ya shigo gabana na ɗan saki kuloci, tsit. Na tsaya a hawan gada, zan tashi, tsit, na baya suna ta hon, wani ɗan acaɓa ya leƙo ya ce, "Alhaji, in koyo kake ka sa jan lamba mana." Ni da na fi shekara goma sha biyar ina tuƙa giyar hannu! Filawil mai nauyi ajiya yake yi wa inji, in ka saki kuloci ya ranta masa ƙarfi na ɗan daƙiƙa. Kilo huɗu da rabi ba shi da abin da zai ranta. Dole ka taka totur sama ka riƙe kuloci rabi, a gosulon Kano kuwa sau ɗari za ka yi haka kafin ka isa gida, ƙaurin kuloci yana shigowa ta taga.

Ga ƙara. Ka tsaya a sulo ka saki kuloci, sai ka ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Ka kunna esi abin ya ninka, allura ta riƙa nutsewa kamar za ta mutu. A watan Afrilu, a Kano, an bar ni da zaɓi tsakanin sanyi da kunya. Uwargida ta shiga sau ɗaya ta ce, "Wai wannan ce motar da aka kashe wa kuɗin?" Ban tanka ba.

Na kira mai odar. "Yallaɓai, ai haka na resin yake, sai ka saba." Na koma gareji. "Oga, giyarka ce ta tsufa, a nemo Beljiyam." Kowa ya wanke hannunsa tas. Sati uku bayan nan wani sabon bugu ya fito, mai nauyi, gum-gum. Aka sake sauke giya karo na biyu, kuma na sake biyan kuɗin aiki, sai ga notuna biyu sun kwance, washa sun lotse. Faifan da ke juyawa sau 6,000 a minti, dab da ƙafata ta dama, yana lilo a kan washa. Ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi alminiyam ɗin ne ba shi da kyau.

Wani a garejin ma har da ba ni shawara: a nemo filawil falle ɗaya na tsohuwar BMW E30, a kai wa masu injin yankan ƙarfe su sassabe shi ya yi shafal. Ƙarfen zubi ne fa! Ka rage masa nama inda bai kamata ba, ba ka daidaita shi a na'ura ba, wata rana ya tarwatse ya fasa kwanon giya ya shigo maka ɗaki. Ba a banza masu tsere a Amurka suke neman tambarin gwajin inganci na SFI 1.1 a jikin filawil da kuloci ba, an gwada shi ne a juyi mai tsanani kafin a ce ka zauna kusa da shi. Mu a nan ana ba ka shawarar yanke ƙafa kyauta, ana shan rake.

Wani aboki ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike da ya yi zamani da motocin Jamus. Ya saurari ƙarar bai kai minti ɗaya ba, ya ce a kashe. Sannan ya yi min tambayar da na biya mutum biyu ba su yi min ba.

"Samari, ina kake zuwa da motar nan kullum?"

Na ce, "Ofis, Baba, da makarantar yara. Lahadi ce kawai nake wasa."

Ya girgiza kai. "To kwana shida aka sayar don a sayi kwana ɗaya."

Shi ya nuna min cewa kilo ma ba shi ne duka labarin ba. Ya ce in tuna majajjawa: dutse ɗaya ne, amma a doguwar igiya ya fi wuyar juyawa da wuyar tsayarwa. Filawil biyu za su zo kilo ɗaya a sikeli, wanda namansa ke baki-baki ya fi riƙe inji, wanda namansa ke tsakiya ya fi zabura. Ya ce ga mota irin tawa, ko dai in mayar da mai hawa biyu sabo in huta, ko in nemi falle ɗaya na ƙarfe mai ƙwari, kilo bakwai zuwa takwas, wanda ya zo a saiti ɗaya da faifan kuloci mai sifirin, milimita 240, da murfinsa da notunansa sababbi, kuma a ga sunan wanda ya ƙera shi. Ya kuma gaya min gaskiya, ko da haka ƙarar ba za ta ɓace duka ba, raguwa za ta yi. Wannan ita ce magana ta farko a wata uku da aka gaya min wadda ba a yi mata kwalliya ba.

Na zaɓi na ƙarfen. An sauke giya karo na uku, ana jiran kaya. Faifan kulocina da aka ce da sauransa ya ƙone, fuskarsa ta yi shuɗi-shuɗi. Na ɗauki farin tiren na kai wa mai odar, na ce ko rabin kuɗi ya ba ni. Ya juya shi, ya nuna min shatin washa a bakin ramukan, ya ce kayan da aka riga aka ɗaura ba a dawo da su.

Ɗazu da safe, ina cikin adaidaita an matse ni tsakanin buhun albasa da wata baiwar Allah mai goyo, na buɗe WhatsApp. Ya sake ɗora hoton faifan nan, shi dai wannan hoton. Yanzu doki arba'in ya rubuta.