Tantabarun Da Suka Ƙi Sayuwa

Ɗakin da ke kusa da zaurenmu da sunan ɗakin baƙi aka gina shi, amma tun kullen korona na 2020 babu baƙon da ya samu wurin ajiye ƙafa. A ciki akwai injin ƙyanƙyasar ƙwai da na saya ina lissafin zan ciyar da rabin Kano da kaji, sai aka janye tallafin mai a 2023, janareta ya kwanta, ƙwan gaba ɗaya suka zama bara-gurbi. Akwai tankin roba na kifin tarwaɗa, da keken motsa jiki da ya koma wurin shanya tawul, da keken ɗinki, da katan ɗin turaren wuta da na saro zan riƙa tallarsa a WhatsApp. Kowanne na shige shi da zafi, kowanne ya huce kafin wata ya mutu.

Sai ga saƙo cewa Hajiya, mahaifiyata, za ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, kuma za ta kwana biyu. Uwargida ta tsaya bakin ƙofar ɗakin ta riƙe ƙugu.

"Malam, ko dai kamfanoninka su tashi, ko kai ka koma zaure, Hajiya ta shiga ɗakinka."

Na kira ɗan gwangwan. Yaron ya zo da kurarsa da sikeli, ya dubi keken motsa jikin nan da na biya kuɗinsa kashi-kashi, ya rataye shi ya karanta kilo. Na ce masa ai daga waje aka kawo shi. Ya ce, "Yallaɓai, ƙarfe duk ƙarfe ne." Injin ƙyanƙyasa kuwa cewa ya yi roba ta yi masa yawa, sai dai ya taimaka ya ɗauke mini. Kafin la'asar burin shekaru ya koma 'yan kuɗin da suka sayi fenti da labule.

Saura tantabaru guda biyu, mace da namiji, da wani maƙwabci ya ba ni a madadin bashi. A tsohon kwali suke kwana saman ɗakin, ban ma taɓa sa su a lissafin sana'a ba. Su ma na sayar wa wani Alhaji a can Hotoro, na dawo gida ina jin kaina wasai.

Washegari na dawo daga masallacin asuba, gari ya fara haske, sai ga su a kan katanga, namijin ya kumbura wuya yana zagaye matarsa. Ban gama mamaki ba waya ta yi ƙara. Alhaji ne. Na kama su na hau adaidaita sahu na mayar masa, na ba shi shawara ya rufe su ko ya rage musu fiffike har su saba da gidan, don tantabara ba ta manta inda ta tashi. Ya ce shi ba ya zaluntar tsuntsu. To, da yaransa suka buɗe su, sai suka riga ni isowa gida.

A karo na gaba Alhaji da kansa ya zo, ransa a ɓace.

"Malam, ashe sana'arka ke nan? Ka sayar, kaya su dawo, ka sake sayarwa?"

Daga cikin gida na ji uwargida tana dariya har da tari, wai a duk kasuwancin da na taɓa yi wannan ne kaɗai ya nuna alamar riba. Kuɗin Alhaji kuwa sun riga sun hau bango sun zama fenti. Da ragowar turaren wuta na biya shi, ya tafi yana ƙunƙuni yana ƙamshi.

Da ɗakin ya zama fili, yammacina ma ya zama fili. Babu ruwan kifi da zan canza, na kuma fice daga zaurukan WhatsApp na "kiwo a sauƙaƙe". Sai na riƙa ɗauko kujera ina zama a tsakar gida ina kallonsu. Macen ta saka ƙwai biyu, haka al'adarsu take. Ashe karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci: namiji ya karɓa da rana, mace ta kwana a kai. Na nuna wa uwargida wannan, ta ce da ma wasu mazan za su zauna su ɗauki darasi. Bayan kamar kwana 18 'yan shila suka fito, munana, ga gashi rawaya jefi-jefi, ga baki ya fi ƙarfin kai. Uwa da uba duka suke ciyar da su, ɗan ya cusa bakinsa cikin na iyayen su ɗura masa wani farin abu mai kauri daga maƙogwaro. Har sallar magariba na kusa rasawa a kan wannan kallo.

Na sayo katako na haɗa musu gida mai ɗaki-ɗaki, na ɗaga shi sama saboda kyanwa da gafiya. Gero kuma har Dawanau nake zuwa aunowa, ni da aiken gishiri ke gagara.

Ranar da Hajiya ta iso, ko ruwa ba ta gama sha ba ta ɗaga kai, da idon nan da aka ce ba ya gani sosai.

"Ɗan nan, 'yan shila nake gani? Madalla. A yi mini farfesu, jikina babu ƙarfi."

Wa ya isa ya ce wa mahaifiyarsa a'a? Na zame na tafi wajen masu sayar da kaji, na sayo 'yan shila figaggu, na shigo da su a leda cikin babbar riga. Uwargida ta dafa da citta da masoro. Hajiya ta cinye tas, ta suɗe yatsu, sannan ta fito tsakar gida ta nuna sama da sandarta.

"Ɗaya, biyu. Ga su can suna kallona. Na kasuwa ka ba ni, duk ƙashi ne. Gobe naka nake so, sun fi ƙiba."