Kafin ka yi odar ƙaramin jirgi a akwati, fara da takarda

Bidiyon ƙananan jiragen sama da ake haɗawa a gida ya cika wayoyin matasa a Katsina da Daura. Za ka ga Bature ya buɗe akwatuna a garejinsa, ya ɗaura bututun alminiyam, ya lulluɓe fukafukai da yadi, ya maƙala inji, ya tashi daga gona. Ƙasan bidiyon a rubuta cewa ba a buƙatar lasisi ko rajista. Wannan magana gaskiya ce, amma a Amurka. Dokarsu ta 1982 ta yafe rajista ne kawai ga jirgi mai kujera ɗaya wanda nauyinsa ba kaya bai kai kilo 115 ba, tankinsa bai wuce lita 19 ba, gudunsa bai haura kilomita 102 a awa ba. Wannan rangwame bai tsallako teku ba. Duk wanda ya tura kuɗi waje bisa dogaro da shi, akwai yiwuwar akwatunsa su tsufa a hannun kwastan.

Haɗa jirgi daga kayan akwati ba baƙon abu ba ne a Arewa. Air Beetle, wanda sojojin sama suka daɗe suna koyon tuƙi da shi, a Kaduna aka harhaɗa shi daga kayan jirgin RV-6A na kamfanin Van's na Amurka. Masu hannu kuwa muna da su, duk wanda ya san masu walda da kanikawan Katsina ba zai yi musu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne takardu, da yanayin ƙasarmu, da kuma horon bin littafi sau da ƙafa.

A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ce ke yi wa jirage rajista, ta ba su lamba mai farawa da 5N. Takardar rajista daban, takardar shaidar cewa jirgi ya cancanci tashi daban, lasisin matuƙi shi ma daban, ga inshora. Rajista tana nuna mai jirgin ne kawai, ba ta ba shi izinin barin ƙasa ba. Saboda haka matakin farko wasiƙa ce zuwa ga hukumar, ɗauke da sunan samfurin jirgin, da kamfanin da ya yi shi, da nauyinsa, da irin injinsa, ana tambayar a wane rukuni za a karɓe shi, kuma wane ne zai duba aikin yayin haɗawa. A karɓi amsa a rubuce kafin a biya ko kwabo. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma tuna da halin tsaro: ko jirgi maras matuƙi sai da izinin NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a Maris 2021 an haramta shawagin jirage a sararin Zamfara, maƙwabciyarmu. Baƙon abu mai ƙara ya bayyana a saman dajin Batsari ko Jibiya ba tare da sanin hukuma ba, mai shi ya sayi fitina da kuɗinsa.

Lokacin haɗawa, a buɗe littafin aiki tun ranar farko: kwanan wata, abin da aka ɗaura, hotonsa kafin a rufe. Mai duba jirgi ba zai yarda da cikin fiffiken da bai gani ba. A adana rasit da lambar kowane sashe. Kuma kada a musanya ko ƙusa ɗaya. Ƙusoshin jirgi masu alamar AN an auna ƙarfinsu, na kasuwa masu kama da su ba wanda ya san da wane ƙarfe aka yi su. Notin da ke da roba a ciki, in an kwance shi a sa sabo. Duk abin da jijjiga za ta iya warwarewa a ɗaure shi da wayar kulle. Bayan an gama a ɗora jirgin kan sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, a lissafa inda nauyinsa ya taru. Jirgin da nauyinsa ya koma baya fiye da ƙima yakan ɗaga hanci ya ƙi saukewa, wannan kuwa ba a gyara shi a sama. Sai gwajin mai: a jirgin da mai ke gangarowa da kansa daga tanki, a cire tiyo daga kafireta a auna, dole ya zubo ninki ɗaya da rabi na abin da injin ke sha a cikakkiyar wuta.

Yawancin waɗannan jirage injin Rotax na ƙasar Ostiriya suke ɗauka. Samfurin 582 mai ƙarfin doki 65 irin injin babur ne mai shan mai gauraye da baƙin mai, kashi 50 na fetur da 1 na baƙin mai, kuma bayan awa 300 sai garambawul. Samfurin 912, mai doki 80 ko 100, yana kai awa 2,000, ana canza masa baƙin mai duk awa 100, ko 50 in yawanci man jirgi mai dalma ake zuba masa. Ya fi tsada nesa, amma a wurin da babu ƙwararren bakaniken Rotax a kusa, ni shi zan zaɓa. Abin da masu shi ke mantawa shi ne robobi. Tiyon mai, tiyon ruwa da robar wuyan kafireta duk shekara biyar ake canza su, ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba, zafinmu kuma ba ya raga wa roba.

Fetur shi ne babbar matsala. Injin 912 mai doki 100 yana son mai mai ƙarfin oktan 95 (oktan ma'aunin ingancin fetur ne), famfunan gidajen manmu kuwa ba sa nuna oktan. Ba a manta da gurɓataccen man da ya lalata motoci a Fabrairun 2022 ba. Mota in ta mutu sai a gangara gefen titi, jirgi kuwa ba shi da gefen titi a sama. Don haka ban da man bumburutu, ban da man da ya yi watanni a jarka. A tace kowace lita, a tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki cikin kwalba kafin kowane tashi a duba ko ruwa ya kwanta. A nisanta tiyon mai daga salansa, domin a zafin bazara fetur na iya zama tururi cikin tiyo, injin ya shaƙe daidai lokacin da ake hawa.

Zafin yana da wata illar da bidiyon Turai ba ya faɗa. Katsina tana kusan mita 500 sama da teku. Ranar Afrilu da zafi ya kai digiri 40, iska takan yi sakayau har jirgi ya ji kamar yana kan tsaunin mita 1,500. Injin zai rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, wato doki 65 ya koma wajen 55, farfela da fiffike su ma ba sa kama iska yadda suka saba. Tsawon filin tashi da ke cikin ƙasidar kamfani ba zai isa ba, musamman da mutum biyu. Lokacin tashi a nan shi ne bayan asuba zuwa hantsi. Da hunturu hazo kan rufe gari, waɗannan jirage kuwa da ido ake tuƙa su, ƙurar kuma tana toshe matatar iska. Farkon damina iskar da ke gaban hadari tana iya kifar da jirgi ko yana ɗaure a ƙasa.

Shi ya sa rumfa rufaffiya take cikin kuɗin jirgi. Rana tana cinye yadin fiffike a hankali, ya yi kyau a ido alhali ya ruɓe, sai an soka masa ma'auni ake ganewa. Ga kuma zanzaro: cikin kwana ɗaya zai liƙe bututun auna gudu ko ƙofar shan iskar tanki da laka. Na farkon ya sa agogon gudu ya yi ƙarya, na biyun ya hana mai gangarowa bayan 'yan mintoci a sama. Murfi mai jan ƙyalle a kan kowace kafa ya wadatar, muddin an tuna an cire.

Idan aka tara wannan duka, ra'ayina shi ne mutum ɗaya kada ya ɗauki wannan kaya. A yi ƙungiya ta mutum biyar ko shida, jirgi ɗaya, rumfa ɗaya, injiniya mai lasisi guda da zai riƙa sa hannu a littattafan jirgi da na inji. Masu son tuƙi su nufi kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, tashin gwaji na farko kuma a bar wa wanda ya saba, ba maginin da zumuɗi ke ɗiba ba. A Amurka ma sabon jirgin haɗin gida yakan yi awa 25 zuwa 40 yana gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja.

NCAA ita ma da sauran aiki a gabanta. Afirka ta Kudu ta ware wa irin waɗannan jirage rukuni na musamman da lamba mai farawa da ZU, kowa ya san matakan da zai bi. Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina za su iya zama wurin da za a haɗa jirgin farko a gaban masu duba na hukumar, ɗalibai na kallo, a rubuta kowane mataki da kuɗin da ya ci, a buga shi don mai zuwa a baya.