Ku Daina Ɗora Wa Tumatirinmu Laifin Da Ba Nasa Ba

Na kalli bidiyon nan da kuka yi ta turo mini, kuma tumatirin da ke cikin tukunyar baiwar Allah nan bai yi mata laifin komai ba. Ita ce da hannunta ta ɗauko madara mai sanyi daga firij, ta kwarara ta cikin tumatirin da ke tafarfasa a kan wuta mai ƙarfi, madarar ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, sannan ta ɗago kai ta dubi kyamara ta ce wai dama tumatirin ƙasar nan ba ya yin irin wannan miyar, wato miyar tumatir mai madara da ake sha da cokali, sai an sayo na gwangwani ɗan Italiya da kirim ɗin girki na babban kanti. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda mata da yawa suka karɓi wannan magana hannu bibbiyu, har wasu suna cewa su ma dalilin da ya sa suka haƙura da gwada miyar ke nan.

Ashe tumatir ma sai ya hau jirgin ruwa ya ƙetare teku kafin ya koyi zaman lafiya da madara. Ashe na Kadawa da na Danja da na Zariya baƙauye ne, bai waye ba, ba ya shiga kwanon tangaran. Madalla da wannan sabon ilimi, Hajiya, Allah ya ƙara basira.

Tumatir ba ɗan asalin Italiya ba ne balle a ce su ne suke da ikon mallakarsa. Asalinsa yammacin Kudancin Amurka ne, mutanen Meziko ne suka mayar da shi amfanin gona, 'yan Sifaniya kuma suka kai shi Turai a ƙarni na 16, inda ya daɗe mutane suna ɗari-ɗari da shi kafin ya zauna daram a tukunyarsu. Su ma baƙo ne ya zo musu, kamar yadda ya zo mana. Ita kanta miyar da ake ta yi wa wannan kinibibi, wadda ake sha da cokali ba da tuwo ba, ta yi suna ne a Amurka da Ingila a matsayin abinci mai araha. A shekarar 1897 ne John Dorrance na kamfanin Campbell ya fito da dabarar rage ruwan miya a zuba ta a ƙaramin gwangwani, ta tumatir kuma tana cikin na farko, yayin da kamfanin Heinz ya fara sayar da tasa mai kirim a Ingila a 1910. Abincin ranar sanyi ne da uwa take ɗumama wa yara tare da gasasshen burodi mai cuku. Mu ne a nan muke neman sa mata rawani.

Na san abin da za a ce, wato ai su Turawan da kansu suna rubutawa cewa a yi amfani da na gwangwani. Gaskiya ne suna cewa haka, amma a tambayi dalili mana. A ƙasashen sanyi tumatir yana da ɗan gajeren lokacinsa a shekara. Wanda ake samu a kanti a sauran watanni sau da yawa an tsinke shi ne tun yana kore domin ya jure doguwar tafiya, aka nunar da shi da iskar gas a ɗakin ajiya, ya yi ja a ido amma bakinsa salam. Na gwangwani kuwa a gona yake nuna kafin a sarrafa shi, shi ya sa ya fi musu ɗanɗano. Wannan shawara ce da aka ba mutumin da ke zaune a Landan a watan Janairu. Mu kuwa a watan Janairu ne tumatir yake fara cika kasuwar 'Yan Kaba, ja jawur, wanda rana ta dafa a jikin uwarsa, mai kwando yana roƙon a taya. A ce mutum yana zaune a Kano cikin rani yana neman gwangwanin da aka rufe a wata nahiya watanni da suka wuce, wannan kwaikwayo ne ba tare da fahimta ba. Wani abin dariyar ma shi ne, shahararren tumatirin San Marzano na kusa da birnin Naples, wanda ake kuranta gwangwaninsa, yana cikin kakannin irin Roma da aka samar a Amurka a shekarun 1950, kuma Roma ɗin nan manomanmu sun daɗe suna shuka shi. Dangi ɗaya ne, dogo, mai tsoka, mai ƙarancin ruwa. Tumatirin nan ɗan UTC da muke zaɓa a kasuwa don taurinsa shi ma irin wannan siffar gare shi.

To me ya tsinka madarar? Tsami ne da zafin wuta, ba wani abu ba. Masana suna auna tsami da ma'aunin da suke kira pH, wanda duk lokacin da lambarsa ta yi ƙasa tsamin ya ƙaru. Sabuwar madarar shanu tana wajen 6.7, furotin ɗin cikinta kuma yakan dunƙule idan aka gangaro kusa da 4.6, shi kuwa tumatir a kewayen wannan lamba yake zaune, sau da yawa ma ƙasa da ita. Idan aka haɗa da tafasa, dunƙulewar tana zuwa nan take. Duk mai yin awara ta san wannan ba tare da ta shiga aji ba: tana jira madarar waken suya ta tafasa, ta zuba ruwan tsami, nan da nan abu ya haɗe ya rabu da ruwansa. Abin da Hajiya ta yi a bidiyonta ke nan, sai dai ita ba awara ta yi niyya ba. Da gwangwanin Italiya ta buɗe ta yi masa irin wannan aika-aikar, sakamakon ɗaya ne, wataƙila ma ya fi muni, domin yawancin masu gwangwani suna ƙara sinadarin tsami don ajiya. Ku juya gwangwanin ku karanta bayansa.

Kirim ɗin da ta ce dole sai da shi, amfaninsa maiƙo ne. Mai kaurin da ake sayarwa a Amurka yana da maiƙo aƙalla kashi 36 cikin 100, madarar shanu kuwa ba ta wuce kashi 3 zuwa 4 ba, kuma maiƙon ne yake kare shi daga tsinkewa. Wato kirim yana rufa wa mai gaggawa asiri ne. Wanda yake da kuɗinsa ya saya, ban hana kowa ba. Amma a daina gaya wa matar da ke lissafin cefane da ƙyar cewa idan ba ta da shi ta haƙura.

Ga yadda nake yin tawa, da abin da ke cikin kowace kasuwa. Tumatir kilo 1 nake samu, wanda ya nuna sosai har ya fara laushi, ba ruɓaɓɓe ba. Ina jera shi a kan waya bisa garwashi ina juyawa har fatarsa ta tsage ta yi baƙi-baƙi, ruwan jikinsa yana ɗiga a kan gawayi, sannan na bar shi ya huce na sulluɓe fatar da yatsa. Wannan gashin yana rage ruwa, yana fito da zaƙin da ke ɓoye, yana kuma ba miyar wani ƙamshin hayaƙi wanda babu gwangwanin da zai ba ta. Sai na narka man shanu cokali 2 a tukunya, na zuba babbar albasa guda da karas guda yankakku, wuta can ƙasa, har albasar ta yi laushi ta yi sheƙi ba tare da ta soyu ta yi ja ba. A nan ne yawancin mutane suke gazawa, domin mun saba da suyar albasa ta minti biyu a mai mai ƙuna, alhali wannan tana son kamar minti goma ana juyawa. Tafarnuwa ta biyo baya, sannan fulawa cokali 1 a juya ta cikin man har warin ɗanyenta ya fita. Fulawar nan ba don kauri kaɗai ba ce, tana taimaka wa madara ta riƙe jikinta idan ta shigo. Daga nan tumatir ya shiga tare da ruwan dahuwar kaza kofi 2, gishiri da ɗan masoro, a rufe rabi a bar shi yana ɓararraka a hankali na kusan rabin awa.

Idan ya dahu a sauke a bari ya sha iska kafin a niƙa, domin zuba abu mai tururi a bilenda a toshe murfi yana iya watsa wa mutum shi a fuska. A tace da rariya idan ana son ta yi sumul, 'ya'yan su tsaya a sama.

Yanzu ne ake zuwa wurin da iyayenmu mata suka riga marubutan girkin Turai sani. Su can suna cewa a sa ɗan bekin soda don kashe tsami. Mu nan tun muna yara muke ganin ana ɗiga ruwan kanwa a miyar tumatir, kumfa ta taso ta kwanta, tsamin ya mutu. Aiki ɗaya suke yi, domin kanwa da sodar 'yan gida ɗaya ne a sinadari. Sai dai a yi hattara, ɗigo kaɗan ake sawa a ɗanɗana, domin idan ta yi yawa miyar za ta yi duhu, ta rasa armashinta, ta koma wani ɗanɗano kamar na sabulu. Sukari kuma da wasu suke ɗurawa yaudarar harshe kawai yake yi, tsamin yana nan yana jiran madara.

Sannan madarar. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ta shayi ya isa, ba mai kaurin nan mai zaƙi ba, kuma ta fi sabuwar madara jure zafi saboda an riga an dafa ta an rage ruwanta a masana'anta. A ɗumama ta a kofi, a ɗebo ludayi guda na miyar a zuba a cikinta a juya, a ƙara wani, sannan a mayar da haɗin cikin tukunya ana juyawa, wuta a kashe. Za a ga jan yana komawa ruwan goro mai haske, ba gudaji ko ɗaya. Daga nan ba a sake tafasa ta, ko gobe za a sha sai dai a ɗumama a hankali. Ina tumatirin Italiya ya shigo a cikin wannan bayani? Babu inda ya shigo.

Masu cewa ai na damina ruwa ne tsululu ga tsami, na ji ku, a ƙara masa lokaci a wuta, a ƙara karas, shi ke nan. Masu cewa madara a miya ba al'adarmu ba ce, ba wanda ya ce ku ci tuwon dawa da ita, kuma taliya da makaroni da kuke ci kullum ban san a wace gonar kakanninku aka shuka su ba. Wanda ba ya so ya bari. Ni ba a kan so ko ƙi nake magana ba, a kan ƙazafin da aka yi wa tumatir nake.

Kuma wallahi ba don miyar kaɗai abin yake yi mini ciwo ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani ya ga kwanduna jere a Kwanar Gafan, ya ga manoman Kura da Bunkure da Garun Malam da suka kwana suna ban ruwa daga magudanan madatsar Tiga, suna jiran mai saye yayin da rana take narkar da kayansu. Waɗannan mutane sun ga tashin hankali a 2016, lokacin da tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda suke kira sharon, ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote ta Kadawa da aka buɗe a shekarar kuma ta tsaya saboda rashin kaya. A shekarar da babu annoba kuma kaya yakan yi yawa har farashi ya faɗi ƙasa warwas. Mutumin da ke cikin wannan hali, abin da yake buƙata daga mai mabiya dubbai shi ne ta koya wa mutane sabuwar hanyar cin abin da ya noma, ba ta tsaya gaban kyamara ta ce kayansa ba su da inganci don ta rufe kuskurenta ba. Da ta ce jama'a, na yi gaggawa, bari mu sake, da ta ƙaru mu ma mun ƙaru.

Tunda maganar ta kawo mu nan, kauɗa ma tana yin wannan miyar, kuma ɗanɗanonta ya fi na ɗanye ƙarfi idan aka jiƙa ta da ruwan ɗumi ta kumbura kafin a dafa, sai dai launin yakan yi duhu kaɗan. Matsalata da ita ɗaya ce, wato yadda ake shanya ta a ƙasa a gefen titi, ƙura da hayaƙin manyan motoci suna sauka a kanta, ta yadda sai an wanke ta sau da yawa kuma duk da haka wani lokaci haƙori ya ci karo da yashi. Idan akwai wanda ya san masu shanyawa a kan tabarma ko tamfol nesa da hanya, ko a kan gado da aka ɗaga sama, don Allah ya yi mini magana, domin ina son in sayi buhu in ajiye kafin damina ta sauka farashi ya tashi.