Kafin ka zagi NEPA, duba wayarin ɗin shagonka

Masu shagon kafinta a Zariya, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada da Samaru, ina da magana da ku. Mutum zai zuba miliyoyi ya sayi injin tsaga katako ko na goge shi, amma in an zo jawo wuta sai ya ce a lallaɓa da guntuwar wayar da ta rage daga ginin gida. Ba a daɗe ba moton da ke juya injin ya ƙone, a kai wa mai naɗin kwayil, a ce laifin NEPA ne. Wutarmu ba ta da tabbas, kowa ya sani. Amma moto da aka haɗa yadda ya kamata, in wuta ta lalace tsayawa yake yi, ba ƙonewa ba.

Fara da karanta farantin da ke jikin moton. Mai kilowat 7.5, wanda muke cewa doki goma, a kan layi uku na bolt 400 yana jan kusan amf 15 in yana aiki. Lokacin tashi kuwa yana jan ninki shida zuwa bakwai na wannan, wato kusan amf 100 na 'yan daƙiƙu. Shi ya sa ƙwan fitilar maƙwabta ke dishewa in ka kunna. Irin wannan moto wayar jan ƙarfe mai milimita 4 yake so, in kuma nisa daga mita ya wuce kamar mita 40, ka hau zuwa 6, tunda wutar ma da rauninta take iso mana. Waya 2.5 ta soket ce. Sannan a kankare bakin wayar tun a kasuwa: in cikinta fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, a bar musu kayansu.

Kowane inji da nasa layin da nasa bireka, nau'in D mai jure jan tashin moto, amf 25 ko 32 ga wannan moton. Nau'in B na gida zai riƙa faɗuwa duk tashi, daga nan sai yaron shago ya ɗaure shi da waya, shi ke nan an cire tsaro.

Inda na fi son mu tsaya shi ne makunni. Shaguna da yawa har yau da makunnin hannu mai mariƙi suke kunna inji kai tsaye, kuma a ganina wannan ganganci ne. Ana cikin tsaga aka ɗauke wuta, yaro ya sa hannu yana zaro katakon da ya maƙale, aka dawo da ita. Zarto ba ya sallama. Kwantakta, wato makunni mai aiki da maganaɗisu mai maɓallin kore da ja, tana sakin kanta da zarar wuta ta tafi, kuma inji ba zai tashi ba sai mutum ya danna da hannunsa. A ƙarƙashinta a ɗaura obalod, wato na'urar da ke yanke wuta in moto ya ja fiye da kima, a saita shi daidai amf ɗin da ke kan faranti. Masu murɗa shi zuwa ƙarshe don wai yana yawan yankewa, ku sani yankewar saƙo ce: ko haƙoran zarto sun dakushe, ko bel ya yi tsauri, ko wuta ta yi ƙasa.

Sai rile, ƙaramar na'ura mai lura da layukan wuta uku. Fis ɗaya ya tsinke a taransifoma, layi biyu suka rage: moto zai ci gaba da juyawa yana gurnani, kwayil na gasuwa, kafin ka ji ƙauri an gama. Haka in ma'aikata sun yi gyara suka sauya layi biyu, injin zai juya baya, kuma notin da ke riƙe da zarto na iya kwancewa. Wannan ɗan rilen yana hana tashi a duka halayen biyu, kuɗinsa kuma bai kai na naɗin kwayil sau ɗaya ba. In an ga juyin baya, musanya waya biyu cikin ukun kawai ake yi.

Babban moto a ba shi sita-delta, wato makunnin da ke tayar da shi da haɗin kwayil na sita sannan ya mayar da shi na delta, yana rage jan tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku. Amma sai faranti ya nuna 400/690. In 230/400 aka rubuta, a kan wutarmu sita kaɗai ake haɗa shi. Ka sa shi delta, ka ƙona shi da hannunka. Injunan gwanjo daga Amurka kuma na wuta mai hez 60 ne (yawan juyawar wuta a daƙiƙa), tamu 50 ce, don haka gudunsu zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, a kuma duba bolt ɗinsu kafin a biya.

Garin katako yana cin wuta, kuma da hunturu ya fi bushewa. Akwatin makunni ya zama mai rufuwa da roba a baki, wayoyi su bi cikin bututu a bango ko sama, ba a ƙasa inda ake jan katako a kansu ba. Duk wata a kashe wuta, a hure akwatin, a ƙara ɗaure sukurori, domin girgizar inji na sassauta su, sassauci kuma shi ke kawo zafi da tartsatsi.

Wayar ƙasa ba ado ba ce. Jikin kowane inji a haɗa shi da ita har zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, kuma a auna ta da na'ura da rani, lokacin da ƙasarmu ta bushe ƙamas, ba da damina ba. Soket na ƙananan kayan hannu a sa musu bireka mai yankewa in yoyon wuta ya kai miliamf 30.

Mai janareta ya lura: doki goma da ke tashi kai tsaye yana son janareta mai kimanin kVA 25 zuwa 30, da canjoba mai ƙafa huɗu, wato makunnin sauyawa tsakanin wutar NEPA da ta janareta, don kada wutarka ta koma layi ta sami ma'aikacin da ke kan turke. Kuma duk wanda zai yi maka wannan aiki, maigida, ka nemi ganin shaidarsa ta NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wayarin, ka kuma tsaya a kansa ya auna amf ɗin kowane layi da katako a bakin zarto kafin ka cika masa kuɗinsa.