Ƙarfin namiji daban, haihuwa daban

A kasuwar Maradi ba a rasa mai tallar maganin maza da lasifika rataye a wuya, ya baje kwalabe da ƙulle-ƙullen gari a tabarma, yana yi wa magidanta alƙawarin ƙarfi da haihuwa a cokali ɗaya. Wannan tunani, cewa duk namijin da ke biya wa iyalinsa buƙata ba shi da matsalar haihuwa, shi ne kuskuren da nake ganin ya fi cutar da matanmu, kuma binciken da aka yi a kan wani siririn bututu a jikin namiji ya isa ya rushe shi.

A maraina ake yin ƙwayoyin haihuwa, amma ba da kansu suke fitowa ba, turo su ake yi. Hanyarsu bututu ne mai tsawon fiye da santimita 30, wanda bangonsa tsoka ce mai kauri, irin wadda ba ta bin umarnin mutum, kamar ta hanji. Idan lokaci ya yi, jijiya takan saki sinadarai biyu tare, noradiranalin da ATP. An daɗe da sanin ATP a matsayin makamashin ƙwayoyin jiki, shi ya sa da masani Geoffrey Burnstock ya ce a 1972 shi ma ɗan aike ne tsakanin jijiya da tsoka, masana da yawa suka ƙi yarda, sai da aka shekara wajen 20 kafin maganarsa ta zauna. A jikin tsokar bututun akwai wasu ƙofofi masu karɓar saƙon ATP, ana kiran su P2X1. Da zarar ATP ya taɓa su sai su buɗe, gishirin sodiyam da kalsiyam su kwarara ciki, tsokar ta fizga nan take. Noradiranalin kuwa ta wata ƙofa yake bi, matsarsa ta fi jinkiri, ta kuma fi daɗewa. Kamar jan guga ne: fizgar farko ta tayar da ita daga ruwa, jan da ke biye ya kawo ta bakin rijiya.

A 2000, masu bincike a Jami'ar Lesta ta Ingila suka samar da ɓeraye maza marasa ƙofar P2X1. Ɓerayen sun ci gaba da barbara kamar kullum, ƙwayoyinsu lafiya ƙalau, amma haihuwarsu ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100, domin bututun ba ya turo isassun ƙwayoyi. A 2013 kuma, a Jami'ar Monash ta Ostireliya, aka toshe wa ɓeraye ƙofofin biyu gaba ɗaya, ta ATP da ta noradiranalin, sai haihuwa ta tsaya cak, alhali sha'awa da saduwa ba su canza ba. Abin da masanan ke nema shi ne ƙwayar tazarar haihuwa ta maza, wadda har yanzu ba ta shigo kasuwa ba, ga shi kuma akwai P2X1 a hanyoyin jini, dole a yi taka-tsantsan. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne namiji yana iya zama cikakke a shimfiɗa amma ƙwayoyinsa ba sa isa inda ake so.

Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne, kuma gaskiyarsa, domin a jikin mutum noradiranalin ya fi rinjaye a wannan aiki. Sai dai muna da shaida a cikinmu. Dattawan da ke shan maganin tamsulosin saboda kumburin furosteti (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) mai hana fitsari, wasunsu kan ga maniyyi ya ragu ko ya ɗauke, saboda maganin yana toshe ƙofar noradiranalin ɗin nan. Wanda ya ga haka, likitan da ya rubuta masa maganin ya kamata ya koma wa, ba mai lasifika ba.

Na taɓa raka wata 'yar uwata asibiti bayan ta shekara shida a ɗakin miji ba ta yi ko ɓari ba. Tana zaune a benci da takardun gwaje-gwaje cikin leda, an riga an yi mata kishiya, dangin miji suna kiran ta juya a bayan idonta. Da likita ya ce a turo maigidan, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ba zai zo ba, ya ce shi lafiyarsa lau." Haihuwa ta Allah ce, babu ja, amma neman magani ma umarni ne, kuma likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba akwai matsala ta ɓangaren namiji. Gwajin maniyyi ba allura ba yanka, ya fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mace sauƙi, don haka ina ganin da shi ya kamata a fara. Aikin ma'aikatan lafiya da limamanmu ne su riƙa faɗa wa magidanta haka tun zuwan farko, kafin a kai ga maganar ƙarin aure.