Layi ɗaya na JavaScript ba ya buɗe wa makaho shafin intanet

Tun ranar 28 ga Yunin 2025 da dokar Tarayyar Turai kan sauƙaƙa wa nakasassu amfani da kayayyaki da hidimomi ta fara aiki, bankuna da shagunan intanet suka shiga neman mafita. Abin da ke ba ni haushi shi ne irin mafitar da ake tallata musu: ƙaramar manhaja da ake liƙa wa shafi da layi ɗaya na JavaScript (wani yaren rubuta manhaja), sai wani ɗan maɓalli mai hoton mutum ya bayyana a gefen allo, a ce wai shafi ya cika ƙa'ida.

Ko kusa bai cika ba. A watan Janairun 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ce kamfanin accessiBe zai biya dala miliyan ɗaya saboda iƙirarin cewa manhajarsa na iya sa kowane shafi ya dace da WCAG, wato ƙa'idojin gina shafin intanet yadda nakasassu za su iya amfani da shi. Tun a 2023 ma ƙungiyar nakasassu ta Turai, European Disability Forum, ta yi gargaɗi kan irin waɗannan manhajoji.

WCAG ba ta bar wurin kame-kame ba. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da bugu na 2.2 a Oktoban 2023, kuma ma'aunin Turai na EN 301 549 a kan WCAG ya dogara. A matakin AA, wato na tsakiya cikin matakanta uku, hasken rubutu da na bangon da yake kai sai sun bambanta da aƙalla 4.5 bisa 1. Wurin dannawa kada ya gaza fiksel 24 tsawo da faɗi, ko kuma a bar masa tazara, domin mai rawar hannu. Duk abin da ake yi da linzamin kwamfuta, dole ya yiwu da kibod kaɗai. Bidiyo kuwa sai da rubutun abin da ake faɗa, saboda kurame.

To a dubi makaho mai amfani da NVDA ko JAWS, manhajojin da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, yana son tura kuɗi. Da maɓallin Tab yake tafiya daga gurbi zuwa gurbi. Idan maginin shafin bai sa wa gurbi suna ba, manhajar karatun za ta ce masa ga wurin rubutu, amma ba ta san ko lambar asusu ake nema ko adadin kuɗi ba. Idan an zana maɓallin "Biya" ba tare da an ayyana shi a matsayin maɓalli ba, Tab zai tsallake shi. Idan taga ta buɗo kuma kibod ba ya iya rufe ta, ya maƙale kenan. Duk wannan a cikin ginin shafin yake. Manhajar liƙe sai dai ta yi hasashe, kuma hasashe a kan jadawalin cajin banki ko umarnin shan magani ganganci ne. Fenti ne a kan bangon da ya tsage.

Ƙara girman rubutu da sauya launi da masu manhajar liƙe suke taƙama da shi kuwa, wayar mutum da burauzarsa sun daɗe da ba shi. Mafi muni, wani lokacin manhajar liƙen kan shiga tsakanin makaho da manhajar karatunsa ta rikita masa abin da ya saba.

Masu cewa ƙananan kamfanoni ba su da kuɗin gyara su koma su karanta dokar: ta ɗauke wa masu hidimar da ma'aikatansu ba su kai 10 ba kuma cinikinsu bai wuce Yuro miliyan biyu a shekara ba. Manyan kuwa ba su da uzuri, ganin binciken ƙungiyar WebAIM na 2025 ya samu kurakuran WCAG a sama da kashi 94 cikin 100 na shafukan farko miliyan ɗaya, yawancinsu ƙarancin bambancin launi ne da hotuna marasa bayani.

A rubuta WCAG 2.2 matakin AA cikin takardar kwangila, a biya makafi da kurame su gwada shafin da hannunsu, kuma kada a saki kuɗin magini sai sun iya kammala ciniki tun daga shiga har biya.